Kasuwar Shasha: Yadda Ake Kai Ilimin Kimiyya ga 'Yan Gwari

Kasuwar Shasha da ke Ƙaramar Hukumar Akinyele a Ibadan na daga cikin manyan wuraren da ake sauke tumatir, tattasai, attarugu da albasa daga Arewa. Hausawa sun daɗe suna fatauci a birnin, tun kafin a kafa unguwar Sabo a 1916. A ƙaramar hukumar da kasuwar take ne Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa, IITA, wadda aka kafa a 1967, ke da hedikwata. Haka kuma Ibadan ce mazaunin NIHORT, cibiyar tarayya mai binciken kayan lambu. Sai dai kusancin wuri bai wadatar ba, domin bincike ba ya amfanar ɗan gwari sai an fayyace masa shi da harshen da yake ji.

Dalilin ruɓewar tumatir

Tumatirin da aka ɗauko daga Kadawa a Kano ko Ɗanja a Katsina yakan yi tafiyar fiye da kilomita 800 kafin ya isa Shasha. Bayan an tsinke shi yana ci gaba da numfashi, yana kuma fitar da iskar etilin mai gaggauta nuna. Zafi na ƙara saurin wannan aiki. Idan aka jibga kwando kan kwando, na ƙasa ya fashe, ƙwayoyin cuta su shiga ta raunin, ruɓa ta bazu. Shi ya sa masana ke ba da shawarar akwatin roba mai ƙofofin iska, wanda jikinsa ke ɗaukar nauyin na sama. Ɗan kasuwar da ya fahimci wannan zai iya auna kuɗin akwati da asarar da yake yi, ya yanke shawara da kansa.

Darasin 2016

Ƙwaron Tuta absoluta, ɗan asalin Kudancin Amurka, ya cinye gonakin tumatir a Arewa har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayun 2016, farashi kuma ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Kudu. Jama'a sun laƙaba masa sunan “Ebolar tumatir”, abin da ya sa wasu suka ɗauka cuta ce mai kama mutum. Bayanin gaskiya ya fi sauƙi: ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai fita da dare, tsutsarsa kuma na ɓuya cikin ganye, inda feshi ba ya cim mata sosai. Kan wannan ɗabi'a NIHORT ta gina tarkonta: fitila a kan faranti mai ruwan sabulu, haske ya janyo ƙwaron, ya faɗa ya mutu.

Hanyoyin isar da bayani

Marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Tsotsewar ruwan ce ke janye zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ya bayyana ta ga mutanen karkara ta hanyar wasan kwaikwayo, ya kuma samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ita ma cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana amfani da rediyo da ƙasidu wajen wayar da kan manoma.

A kasuwa irin Shasha, ana samun karɓuwa idan aka yi bayani da Hausa da Yarabanci, aka bi ta hannun shugabannin kasuwa da dillalai, sannan aka gwada a gaban jama'a: kwando ɗaya, akwati ɗaya, daga mota guda, a ƙirga lafiyayyen tumatirin da ya rage a kowanne.