Saiwar Kalma da Ma'anarta: Nazarin Kalmomin Ibrananci Biyu a Fassarar Hausa ta Tsohon Alkawari

Tsakure

Maƙalar ta dubi kalmomin Ibrananci biyu, tsedaƙa da ruwah, domin nuna cewa yadda Hausawa ke amfani da kalma a yau shi ya kamata ya yi wa mai fassara jagora, ko da saiwar kalmar ta nuna wata hanya dabam.

Gabatarwa

J. F. Schön ya buga Littafin Farawa da Hausa a 1858, cikakken Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito a 1932, bayan doguwar hidimar Dokta Walter Miller a ƙasar Zazzau. Masu wannan aiki sun tarar da abin da ya sauƙaƙa musu: Hausa ta aro yawancin kalmomin addini daga Larabci, Larabci da Ibrananci kuwa dangi ɗaya ne. Shi ya sa shalom ta sami salama, rahamim ta sami rahama. Sai dai wannan dangantaka tana iya ɓatar da mai fassara.

Nazari

Tsedaƙa da sadaka saiwarsu ɗaya. A bakin annabawa irin su Amos da Ishaya, tsedaƙa ita ce tsayawa kan gaskiya a shari'a da ma'amala, wato adalci. A ƙasar Hausa kuwa, idan aka ce sadaka, abin da ke zuwa zuciya shi ne ƙosai ko waina da ake raba wa almajirai ranar Juma'a, ko abincin sadakar bakwai. Da an sa sadaka a gurbin tsedaƙa, da mai karatu ya ɗauka annabi na neman alƙali ya yi kyauta, alhali hukuncin gaskiya ake nema a wurinsa. Matsalar ruwah ta bambanta. A Ibrananci tana nufin iska, da numfashi, da ruhu. Hausa na da iska, amma iskoki su ne na bori, ɗan iska kuma zagi ne. Dole mai fassara ya raba: iska inda ake maganar guguwa, ruhu inda ake maganar Allah.

Za a iya cewa wannan rabewa tana rage wa mai ibada zurfin tunani, tunda mai karanta Ibrananci yana jin ma'anonin uku a kalma guda. Gaskiya ne an yi asara. To amma tun 1961 masani James Barr ya nuna haɗarin ɗora duk ma'anonin kalma a kan kowane wuri da ta fito. Jimla ce ke zaɓar ma'ana, kuma abin da fassara ta kasa ɗauka ana iya bayyana shi a sharhin ƙasan shafi ko a wa'azi.

Kammalawa

Saboda haka ya kamata a gwada kowace kalmar aro a kunnen masu sauraro, a kasuwa da majami'a, kafin a amince da ita don kawai ta yi kama da ta Ibrananci.