Sandar kurket

Sandar kurket ita ce abin dukan ƙwallo a wasan kurket. Ana sassaƙa ta da icen wilo na Ingila ko na Kashmir, saboda rashin nauyinsa da jure duka. Akan saka roba a mariƙinta don rage girgiza a hannu.

Dokokin wasan, waɗanda ƙungiyar MCC ke tsarawa, sun ƙayyade tsawonta kada ya wuce santimita 96.5, faɗinta kuma 10.8. A 2017 aka taƙaita kaurin gefenta zuwa santimita 4, domin sanduna masu kauri sun fifita masu duka a kan masu jifa.

Sanda mai nauyi kan aika ƙwallo nesa, marar nauyi kuwa ta fi saurin sarrafawa idan ƙwallo ta zo da gudu.