Da Me Ake Yin Kwalli?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Surko, can yankin Birnin Kudu da Gwaram a Jihar Jigawa, ya rubuto yana cewa: "Don Allah ku ba ni tarihin kwallin da muke saye wajen 'yan koli. Da me ake yinsa, kuma ko ya dace a sa wa jariri?"

AMSA: Kwalli dai, wanda ake kira tozali, tsohon ado ne ƙwarai. Sama da shekara 5,000 da suka wuce mutanen Masar ke niƙa dutse suna zizarawa a ido, maza da mata. Masana harshe na danganta kalmar kwalli da "kuhl" ta Larabci, tozali kuwa da "tazolt" ta Buzaye, alamar cewa ta Arewa sunayen suka shigo mana.

Amma dutsen kansa, yawanci daga Kudu yake zuwa. Tun kafin zuwan Turawa ake haƙarsa a kwarin Binuwai, wato Arufu ta ƙasar Wukari da Zurak ta ƙasar Wase, akwai shi kuma a Abakaliki. Fatake kan ɗauko shi tare da gishirin Awe da Keana su kai manyan kasuwanni irin su Kurmi ta Kano. Daga nan 'yan koli su sara su shiga ƙauyuka, mata su niƙa su ɗura a tandu.

Wannan dutse mai nauyi da ƙyalli, da kan farfashe kusurwa-kusurwa, Turawa na kiransa galina. Haɗin dalma ne da farar wuta, kuma kashi 86 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Akwai wani dutsen daban na antimoni, wanda malamai da dama suka ce shi ne ismidin da ya zo a hadisi. A Indiya kuwa, baƙin hayaƙin fitila suke kwaɓawa da man shanu. Kada ka ɗauka duk abin da ya yi baƙi a tandu ismidi ne.

Saura batun jariri. Dalma guba ce. Yaro kan murza ido ya kai hannu baki, a hankali ta taru a jininsa ta taɓa ƙwaƙwalwa, ya taso da nauyin fahimta, alhali iyaye ba su ga alamar ciwo ba. A 2011 likitoci a birnin Boston ta Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan 'yan Nijeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, sai aka tarar kashi 82 cikin 100 dalma ce. Ka kuma tuna 2010, da dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Wannan ta dutsen zinariya ce da ake niƙawa a gida, amma gubar ɗaya ce.

Saboda haka malam, ka shaida wa uwargida a daina sa wa jarirai da ƙananan yara kwallin dutse, mai juna biyu ma ta haƙura. A rataye tandu inda yaro ba zai kai ba, wadda ta sa kuma ta wanke hannu kafin ta ba da nono. In idon yaro na ciwo, a garzaya asibiti, kada garin neman gira a rasa ido.