Hoton yara da hasken rana a unguwannin Hausawan Duwala

Sana'ar ɗaukar hoton yara a ƙofar gida ko a tsakar gida, ba tare da fitilar shago ba, wadda matasa masu kyamara ke tallatawa yau a sababbin unguwannin Duwala irin su Cité des Palmiers, ita ce tsohuwar siffar sana'ar tun kafin wutar lantarki ta wadatu a birnin. A wajen Hausawan birnin, tushenta yana komawa ga New Bell, unguwar da Jamusawa suka shata gab da yaƙin duniya na farko domin su kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri, shirin da sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da shi har aka rataye shi a watan Agustan 1914. A zamanin Faransa unguwar ta zama masaukin baƙi, kuma a cikinta fatake Hausawa da mahauta da maɗinka suka kafa nasu ɓangaren kewaye da masallaci.

Kamar sauran garuruwan gaɓar teku, baƙi daga yammacin Afirka ne suka ƙarfafa sana'ar hoto a Duwala, kuma mafi shahara cikinsu shi ne George Goethe, mutumin Saliyo, wanda ya buɗe shagon Photo George a 1931. Amma talaka bai cika shiga irin wannan shago ba. Abin da ya fi sani shi ne mai hoton titi da akwatinsa na katako a kan ƙafa uku, wanda a cikinsa ake ɗauka kuma ake wankewa. Mai hoton yakan zura hannu ta wani hannun riga baƙi da aka ɗaura wa akwatin, ya tsoma takarda a ruwan magani ya fitar da dodon hoto, wato siffar da fari ke fitowa baƙi, baƙi kuma fari, sannan ya kafa dodon a gaban kyamara ya sake ɗaukarsa kafin ainihin hoton ya fito. Da yake hannu ne ke buɗe murfin gilashin ya kuma rufe, dole wanda ake ɗauka ya daskare na ɗan lokaci, abin da yaro ba ya iyawa, shi ya sa ake ɗora jariri a cinyar uwa ko yayarsa, a kuma tsayar da mai wayo jikin kujera ya dafa. Rana tsaka ba ta yi wa aikin, domin takan sa yaro ya runtse ido ta kuma zuba inuwa a ƙarƙashin hula, saboda haka aka fi son hantsi da la'asar. Hadarin da ke lulluɓe Duwala, birnin da ruwan samansa ke kusan milimita 4,000 a shekara, yakan tausasa haske a kan baƙar fata fiye da yadda fitila ke yi. Ko Seydou Keïta na Bamako, wanda duniya ta san hotunansa, da hasken rana ya yi yawancin aikinsa a tsakar gidansa.

Ga Hausawa, lokutan hoton yaro sanannu ne: suna, saukar Alƙur'ani, da Sallah, ranar da yarinya ke fitowa da lalle da kwalli, yaro kuma da sabuwar shadda mai maiƙo. Hoton yakan zama saƙo ga dangin da ke Garwa ko Kano, musamman bayan layin dogo ya isa Ngaundare a 1974, ko da yake akwai gidajen malamai da ba su yarda a rataye shi a bango ba.

Sai dai ba hoton yara ne ke riƙe da shagunan ba, hoton katin shaida ne. Dubban dodannin da mai hoto Jacques Toussele na garin Mbuda ya bari, waɗanda masani David Zeitlyn ya taimaka aka adana, sun tabbatar da haka. Da injinan wanke hoto mai kala suka yaɗu, sannan gwamnati ta fito da katin ɗan ƙasa na kwamfuta a 1998 ta mayar da ɗaukar hotonsa hannun hukuma, sai shagunan fari da baƙi suka yi ta rufewa, wayar hannu kuma ta ƙarasa abin da ya rage. Waɗanda suka tsira su ne masu rataya kyamara su bi gidajen suna da filin Idi, don haka matashin da ya fara wannan sana'a yau ba tare da ya kama shago ba, ya zaɓi ɓangarenta da ya fi daɗewa kuma ya fi jure sauyin zamani.