Saiwar tsiro da sinadarin fosfaros a ƙasar noman Garwa

Fosfaros sinadari ne da tsiro ke buƙata don yin saiwa da 'ya'ya. A jigawar Garwa da ke arewacin Kamaru yana da ƙaranci, ɗan da ke akwai ma sinadarin ƙarfe kan riƙe shi gam. Saiwa kan fitar da ruwa mai tsami da ke kwance shi daga jikin ƙasa. Akwai kuma wata funfuna mai zare siriri da ke manne wa saiwar auduga, wake da gyaɗa, tana janyo musu shi daga inda saiwar ba ta kaiwa. Duk da haka ba ya isa, shi ya sa kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, ke bai wa manoman auduga takin zamani bashi.