Zoɓo a ƙasar Haɗejiya

Zoɓo, ko zoɓorodo, jan abin sha ne mai tsami da ake dafawa daga busasshen kwanson da ke lulluɓe da 'ya'yan yakuwa. Mutane da yawa na kiransa fure, amma furen yakuwa na ainihi ba ya wuce yini guda, da safe ya buɗe, kafin la'asar ya yanƙwane. Abin da ya rage a gindinsa shi ke kumbura ya yi kauri ya yi ja cikin makonni biyu zuwa uku, shi ake tsinka a shanya. Masana tsirrai na kiran shukar Hibiscus sabdariffa, sunan da Carl Linnaeus ya tabbatar mata a 1753. 'Yar'uwar rama ce da kuɓewa da auduga. A yau Jihar Jigawa na sahun gaba cikin jihohin da ke noma ta a Nijeriya, kuma masarautun Haɗejiya da Gumel na da kaso mai tsoka a ciki.

Asali da yaɗuwa

Yawancin masana sun tafi a kan cewa a Afirka aka fara noman yakuwa, a wannan zirin ƙasa mai ƙarancin ruwa da ya miƙe daga Sudan zuwa Senegal. Tun 1576 wani masanin tsirrai ɗan yankin Flanders, Matthias de l'Obel, ya siffanta ta a littafinsa. Jiragen cinikin bayi ne suka tsallaka da irinta tekun Atlantika, ta zauna a Barazil da tsibiran Karibiyan, har ta zama abin shan Kirsimeti a Jamaika. Daga baya Meziko ta rungume ta, kuma wannan tsallakawa ta ɗaruruwan shekaru ita ce ta dawo ta zama kasuwar manomin Kaugama a ƙasar Haɗejiya. A Masar da Sudan ana ce wa abin shan karkade, a Senegal bisaf, a Gana sobolo.

A ƙasar Hausa, rubutaccen bayani na zamani a kan yakuwa ya zo ne ta hannun likitan Turawan mulki J. M. Dalziel, wanda ya sa ta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, shekara goma bayan da Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi. Ya sake kawo ta a babban kundinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Amma ba shi ya gano wa kowa komai ba. Abin da ya tarar a tukunyar mata ya rubuta.

Shukar gefen gona

Wanda ya ji an ambaci Haɗejiya, kogi da fadama ne za su faɗo masa a rai: shinkafa, alkama, tattasai, kifi. Yakuwa ba ta cikin wannan ayari. Ba ta son ƙafarta cikin ruwa, kwana kaɗan na kwanciyar ruwa ya isa ya ruɓar da saiwarta. Wurinta tudu ne mai yashi, inda ake gero da wake, a arewacin masarautar wajen Kaugama da Malam Madori da Birniwa, da kuma tuddan da ke tsakanin fadamun Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri.

Ko a tudun ma, da can ba a ware mata gona. A kan iyaka ake jera ta don ta raba gonar wane da ta wane, ko a jejjefa ta tsakanin kunyoyin gero, ko a bayan gida inda uwargida za ta miƙa hannu ta tsinko. Galibi amfanin na mata ne. Ganyen, wato sure, shi aka fi nema: a yi miya da shi, a zuba a fate, a kwaɗanta da ƙuliƙuli, kuma tsaminsa na tafiya da busasshen kifin kogi ƙwarai. 'Ya'yan, gurguzu, a dafa su a rufe su ruɓa a yi daddawar batso, wadda ita ce magin talaka a inda ɗorawa ta yi ƙaranci. Akwai kuma farar yakuwa da ba ta ba da launi, ita miya ake yi da ita. Jan ruwan sha yana daga baya a lissafi, sai da sukari ya yi araha, firji da ƙanƙara suka shigo garuruwa, sannan zoɓo ya zama sana'ar matan aure, ana ƙulla shi a leda ko a ɗura a gorar roba yara su kai tasha da ƙofar makaranta. A watan azumi kuwa da wuya a yi buɗa-baki babu shi ko kunun aya.

Dafa shi bai canza sosai ba. A wanke a fitar da yashi, a tafasa da citta da kanumfari, wasu su sa ɓawon abarba, a tace, a zuba sukari. Mai ƙoƙarin rage tsami takan jefa ɗan gutsuren kanwa, kuma nan take ruwan ya juya daga ja ya yi duhu kamar zai koma shuɗi. Dalili shi ne sinadarin da ke ba zoɓo launi yana sauyawa da yawan tsamin ruwan da yake ciki. Dangin wannan sinadari ne ke ba fatar baƙin inabi launinta.

Bayan gyaɗa

Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa, ya bar birnin Haɗejiya a gefe. Abin da jirgin ya zo ɗauka gyaɗa ce, kuma Malam Madori na cikin garuruwan da aka yi dalar gyaɗa. Kimanin shekara arba'in tudun wannan ƙasa bai san wani amfanin kuɗi da ya kai ta ba. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975 ta cinye gonaki kusan hekta 700,000 a Arewa, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Wani farin ya sake bugawa a 1983 da 1984. A ɓangaren fadama, madatsar ruwan Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya yadda kogi ke cika da janyewa, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonakin suka nutse, wasu suka bushe.

Manomin tudu ya shiga neman abin da zai jure ƙarancin ruwa, ba ya cin taki da yawa, kuma ana biya da kuɗi a hannu. Riɗi ya fara cike gurbin, zoɓo ya bi sahu. Rushe hukumomin sayen amfanin gona da gwamnatin Babangida ta yi a 1986 ya buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar fitar da kaya da kansu, faɗuwar darajar naira kuma ta sa duk abin da ake sayarwa da dala ya yi daraja. Kafin a ankara, shukar da ake jerawa a iyaka ta samu gona sukutum, maza kuma suka shigo harkar. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, kuma tarihin zoɓo a matsayin kayan fitarwa kusan sa'an jihar ne.

Hanyar kayan a bayyane take. Manomi ya kai buhu kasuwar ƙauye, dillali ya saya ya tara, a yi lodi zuwa Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, ko kai tsaye zuwa Dawanau a Kano. A rumbunan Kano mata ke zama suna tsince kara da tsakuwa da gurguzu, a tankaɗe, a danna a buhu, a cika kwantena mai ɗaukar wajen tan 12, a nufi tashar jiragen ruwa ta Legas. Mafi yawansa Meziko yake zuwa, inda noman jihar Gerero ba ya isar masu sha. Saura ya tafi Jamus da Amurka, inda ake gauraya shi cikin ganyen shayi. Kamfanin Celestial Seasonings na Amurka ya fito da shayinsa Red Zinger tun 1972, kuma zoɓo ne jan da ke cikinsa. Maganar lafiya ta ƙara masa kasuwa: binciken Jami'ar Tufts da aka buga a 2010, kan mutum 65 da aka bi mako shida, ya nuna kofi uku a rana ya sauke hawan jini na sama da kimanin maki 7. Ba a sa sukari irin na ƙullin leda a wancan gwaji ba.

Shekara da shekara

Duk dillalin da ya daɗe a harkar ya san zoɓon bana ba na bara ba ne. Yakuwa ba ta fure sai rana ta fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ko da yaushe aka shuka ta. Saboda haka wanda ya shuka da ruwan farko yana samun doguwar shuka mai rassa, wanda ya makara kuwa guntuwa zai samu, domin lokacin fure ba ya jiran kowa. In damina ta ɗauke da wuri, kwanson ya fito ƙanana marasa nauyi. In ta zarce har lokacin shanya, ya yi fumfuna ya baƙanta. Shekarar da aka fi so ita ce wadda ruwa ya kai ƙarshen Satumba ya tsaya cak, hunturu ya shigo da busasshiyar iska ba tare da ƙura mai yawa ba. A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, da ruwa ya mamaye ƙauyukan Auyo da Kafin Hausa da Guri, gonakin da ke gangare sun tafi, na kan tudu suka tsira.

Rabin ingancin kuma a hannu yake. Ana yanke karan a tara a inuwa, mata da yara su zauna suna ɓare kwanso daga kan ƙwallon iri ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin rai: ƙananan gashin jikin ƙwallon na sa ƙaiƙayi, yatsu su rine su tsattsage. Mai haƙuri tana fitar da kwanson ɗungurungum, mai sauri ta farfasa shi. Wadda ta shanya a kan tabarma ko shimfiɗar leda tana samun kaya mai tsabta, wanda aka baza a ƙasa kuwa ya kwashi yashi, kuma akwai masu ƙara yashin da gangan ko su yayyafa ruwa don sikeli. Mai saye yakan cusa hannu tsakiyar buhu, ya damƙo, ya matse ya ji ko zai yi ƙaras, ya duba ko jan ya yi duhu sosai, ya ɗanɗana.

A nan ne kwatanci da jar giyar inabi ta Turai ke da amfani, ko da yake ita haramun ce ga Musulmi, Jigawa kuma na bin shari'a tun 2000. Abin lura shi ne yadda masu ita suka mai da sunan gona da shekarar girbi dukiya. Rumawa kan rubuta shekara a jikin tulu, kuma girbin shekara ta 121 kafin haihuwar Annabi Isa ya daɗe ana ambatonsa a littattafansu. A yankin Burgundi na Faransa, 'yan zuhudun Kirista sun shafe ƙarnuka suna lura da wane fegi ke ba da me, suna zagaye su da katanga. Dokar Faransa ta 1935 ta hana kowa sa sunan wuri a kwalba in ba can aka noma inabin ba, kuma a 2015 UNESCO ta sa fegi 1,247 na yankin cikin kayan tarihin duniya. Gonar Romanée-Conti ba ta kai hekta biyu ba. Kwalba 600 kacal ta bayar a 1945, kuma an sayar da ɗaya daga ciki dala 558,000 a gwanjon Sotheby's a Niyok a 2018.

Zoɓon Haɗejiya ya bi akasin wannan hanya. Kafin ya bar kasuwar farko an riga an juye na mai tabarma da na mai yashi a tuli guda, kuma a takardar kwantena sunan Nijeriya kawai ake gani. Manomiyar da ta wahala ta fitar da kaya mai kyau ba ta samun ƙarin da ya kai wahalarta, don haka baɗi ba lallai ta sake ba. A Sudan ne aka ɗan kusanci wancan tsari, inda masu saye na Jamus suka daɗe da sanin sunan garin Rahad na Kordofan a matsayin alamar zoɓo mai kyau. Akwai kuma bambancin da ba dokar da za ta gyara: giyar kirki na ƙara daraja da tsufa, shi kuwa zoɓo da ya shekara a rumbu jansa na komawa ruwan ƙasa, ƙamshi ya gudu. Mai ɓoye shi yana jiran tsada yana tsere ne da launi.

Rikicin Meziko

Rashin sanin asalin kowane buhu ya nuna illarsa a 2017. A shekarar, bisa alƙaluman hukumar killace amfanin gona ta Nijeriya, NAQS, an tura kwantena 1,983 zuwa Meziko, kuɗinsu ya kai dala miliyan 35. Sai jami'an can suka ga ƙwaron kafra a wasu kwantenoni, wani ɗan ƙwaron rumbu da tsutsarsa ke iya shafe watanni ba ci ba sha, wanda ƙasashen Amurka ke tsoronsa ƙwarai saboda hatsinsu. Meziko ta rufe ƙofa. Tun da ba a iya cewa daga rumbun wane ko kasuwar ina ƙwaron ya fito, hukuncin ya hau kan kowa. Farashi ya faɗi a Maigatari da Dawanau, buhuna suka yi kwantai, manoma da yawa suka koma riɗi da wake.

An shafe shekaru ana tattaunawa kafin a sake buɗe hanyar, bisa sharaɗin a riƙa turara kayan da maganin ƙwari a rufaffun ɗakunan da aka yi wa rajista, NAQS ta duba ta ba da takarda kafin a rufe kwantena. Wannan ya tattara harkar fitarwa a hannun 'yan kamfanonin da ke da ƙarfin gina irin waɗannan ɗakuna, yawancinsu a Kano. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya dagula noma da fatauci a Kordofan, babbar abokiyar gasar Arewacin Nijeriya a wannan kasuwa. A ƙauyukan Kaugama da Birniwa dai lissafin shuka na bin farashin bara ne: in ya yi tsada kowa ya shuka, kaya su cika kasuwa a Disamba, farashi ya sauko, shekara mai zuwa a rage.