Ruwa Da Tururin Nukiliya: Darasin Shekarar 1979

Da yawa daga cikinmu za su tuna ranar da malamin kimiyya ya tsoma wayoyin batir biyu cikin ruwa, muka ga kumfa na tashi, ya ce mana ruwa ne yake rabuwa zuwa iskar haidirojin da oksijin. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, tururin nukiliya ma yana raba ruwa, ba tare da batir ko waya ba.

A shekarar 1901 Pierre Curie da André Debierne suka lura a birnin Faris cewa ruwan da aka narka gishirin radiyom a cikinsa yana fitar da iska ba ƙaƙƙautawa. A 1903 William Ramsay da Frederick Soddy suka tabbatar a Landan cewa akwai haidirojin da oksijin a cikin iskar. Yadda hakan ke faruwa kuwa, sai da aka daɗe ana gardama. A 1944 Joseph Weiss ya ce tururin yana fasa ƙwayar ruwa ne zuwa gutsattsari masu saurin kama duk abin da suka tarar. A 1962 Edwin Hart da Jack Boag suka gano wani abin mamaki a asibitin Mount Vernon kusa da Landan: ilaktaron ɗin da tururi ya fizgo, ƙwayoyin ruwa sukan juyo su kewaye shi su riƙe shi na ɗan ƙiftawar ido. Da yake fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, ta wannan hanya ce tururi ke yi wa jiki yawancin ɓarna, ta ita ce kuma likitoci ke ƙona ciwon daji.

Ranar 28 ga Maris 1979 tukunyar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania ta Amurka ta sami matsala, iskar haidirojin ta taru a samanta. Wasu jami'an gwamnati suka yi lissafi cewa tururi yana raba ruwan tukunyar, oksijin na ƙaruwa, kuma idan ta haɗu da haidirojin za a yi bindiga. Gwamna Dick Thornburgh ya shawarci mata masu ciki da ƙananan yara da ke cikin mil 5 su bar wurin. Mutane wajen 140,000 suka tsere daga gidajensu.

Ashe lissafin kuskure ne. Masana sun sani tun shekarun 1950 cewa inda haidirojin ta yi yawa a cikin ruwa, gutsattsarin nan sukan sake haɗuwa su koma ruwa, oksijin ba ta taruwa. Ranar 1 ga Afrilu, da Shugaba Jimmy Carter ya ziyarci wurin, gaskiya ta fara bayyana.

'Yan'uwa, ilmin nan yana cikin littattafai, amma bai isa teburin masu yanke shawara a kan lokaci ba. Mu da muke zaune a ofisoshin gwamnati, kada girman kujera ya hana mu tambayar masani kafin mu sa hannu a takarda. Allah Ya sa mu gane.